Gwangwani Biyu na Ruwa

Yayana ya shekara ashirin yana gini kafin ya shiga jami'a ya koyi gini. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, ni ma nakan taya shi, amma dariyar ba ta kai mini ciki.

Gadon sana'ar ya yi. Babanmu birkila ne, a hannunsa Yaya ya koyi riƙe cokalin gini da jan igiya da duba kwaɓi da ido. Baba bai taɓa auna ruwa ba a rayuwarsa. Yakan tsaya a kan kwaɓin kankare ya soka shebur, in ya ji ya yi tauri sai ya miƙa hannu baya, ko waiwaye ba ya yi, ya ɗebo ruwa a gwangwani daga duro ya watsa. Cewa yake kwaɓin da ba ya bin shebur wahalar da lebura kawai yake yi. Da Allah ya yi masa rasuwa, abin da ya bar wa Yaya bai wuce cokali biyu da guduma ba, sai wannan hannun mai tafiya baya da kansa.

Yaya yana da shekara talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya mata uku, wani injiniya da bai kai ni shekaru ba ya zo wurin da suke ginin bene. Ya duba takardarsa, ya duba ginshiƙin da Yaya ya kwana biyu a kansa, ya ce a fasa. Yaya ya tambayi dalili. A gaban leburori injiniyan ya ce masa, “Kai naka ɗora bulo. Tunani ka bar mana.”

Ranar Yaya bai ci abinci ba. Washegari ya sami Inna tana shanya ya ce mata makaranta zai koma.

“Da wannan gemun naka?” in ji Inna.

“Da shi, Inna. Ba a hana mai gemu zama a kan benci ba.”

Sau biyu ya zauna jarrabawar shiga kafin a ɗauke shi a sashen fasahar gine-gine. Tun daga nan ya zama mutum mai suna biyu, duka na zolaya. A aji yara suna ce masa Baba, a wurin gini leburori suna ce masa Injiniya, suna kashe wa juna ido. Yakan tashi daga kan dekin wani, wato rufin kankaren da ake zubawa, ya hau babur ya tafi lacca, ƙafar wandonsa fari fat da siminti. In ana maganar rodi da ginshiƙi da yadda ake ɗaure katako, malamai ma shi suke kallo. Amma lissafi ya sa shi a gaba. Akwai wani kwas guda da ya maimaita sau uku, har na haddace launin bangon littafin. Na sha ganin sa a tsakar gida da rana tsaka, ƙaton mutum mai hannu kamar faifan shebur, ya riƙe fensir kamar zai karye masa, gumi yana ɗiga a kan takarda.

Karatun na shekara huɗu ne, dokar jami'ar kuma ta ce wanda ya cika shida bai gama ba sai ya kama gabansa. Yaya ya shiga ta shida ya sauke komai, saura abu ɗaya, aikin binciken da kowane ɗalibi yake yi a ƙarshe ya tsaya gaban malamai ya kare. In ya ci, shi ke nan. In ya faɗi, babu baɗi.

Abin da ya zaɓa ya dace da shi. Ya ce ɓaraguzan kankaren da ake zubarwa in an rushe tsohon gini, za a iya farfasa su a sa a madadin tsakuwa. Don ya tabbatar sai ya kwaɓa, ya zuba a wasu akwatunan ƙarfe ya fitar da 'yan bulullukan gwaji goma sha biyu, kowanne bai wuce taƙi ɗaya ba ta kowane gefe. A jiƙa su a ruwa. A kwana bakwai a sa uku a inji a matse har su fashe, a kwana sha huɗu a fasa uku, a kwana ashirin da takwas a fasa uku, ukun ƙarshe na ko-ta-kwana ne. Injin yana nuna lamba. Lambar kwana ashirin da takwas ita ce hukunci, kuma ana so ta kai ashirin da biyar. Kada a tambaye ni ashirin da biyar na mene ne, ni tela ce.

Saura kwana arba'in da shida a kare aikin ya zo shagona.

“Auta, gobe ki rufe shagon nan ki raka ni. Hannuna zai kasance cikin kwaɓi, ke kuma rubutunki ya fi nawa kyan gani.”

“Kaza ma ta fi ka kyan rubutu, Yaya.”

Na bi shi. Ɗakin gwajin dogo ne mai rufin kwano, ƙurar siminti ta kwanta a kan komai. Ga sikeli a kan tebur, ga kwatamin ruwa na jiƙo a jikin bango, ga injin matsa a lungu, a bakin ƙofa kuma duro cike da ruwa da wani tsohon gwangwanin fenti yana yawo a kai. Mai kula da ɗakin wani siririn dattijo ne da ɗalibai suke kira Mai Inji. Ya buɗe mana, ya ƙirga mana akwatuna sha biyu, aka kira shi ofis ya tafi.

Yaya ya auna komai kamar mai sayar da zinariya. Ya kira nauyin siminti na rubuta, ya kira na yashi, ya kira na ɓaraguzai. Ya auna ruwa lita bakwai da rabi a wata roba mai zane, har da durƙusawa don ya daidaita idonsa da layin. Ya zuba, ya fara juyawa da shebur. Ɓaraguzan nan kuwa shan ruwa gare su kamar soso, nan da nan kwaɓin ya ɗaure. Yaya yana juyi yana ba ni labarin wani ɗan kwangila da ya faɗa ramin da ya ƙi biya a rufe, ina dariya har da riƙe ciki. Yana cikin labarin hannunsa ya tafi baya, ya ɗebo gwangwani ya watsa. Ya juya, ya juya, ya sake ɗebo wani. Na gani da idona. Ban rubuta ba, don bai kira ba, kuma tun ina rarrafe nake ganin ana yin haka a gidanmu.

Kwana bakwai aka fasa ukun farko. Na ji wajen matarsa cewa lambar goma ta nuna, alhali kusan sha bakwai ake sa rai. Dakta, malamin da ke duba aikinsa, ya ce watakila ɓaraguzan ne masu jinkiri, a jira kwana sha huɗu. Ni ban tambaya ba, ɗinki ya yi mini yawa a makon. Wannan rashin tambayar nawa har gobe yana ci mini rai.

Kwana sha huɗu aka sami sha uku. Da la'asar na shigo na tarar da shi zaune a kan bulo a tsakar gida, takardun da na rubuta a baje a gabansa, idonsa ja wur.

“Na rasa inda abin yake, Auta. Simintin sabo ne. Yashin na wanke. Ruwa lita bakwai da rabi, ga shi da hannunki kika rubuta.”

“Har da gwangwani biyun?”

Ya ɗago. “Wane gwangwani?”

“Wanda ka ɗebo a duro mana. Lokacin da kake ba ni labarin mutumin da ya faɗa rami.”

Wallahi bai sani ba. Sai da na tashi na kwaikwayi yadda ya yi, na miƙa hannu baya na watsa iska, sannan na ga fuskarsa ta sauya. Ya daɗe yana kallon hannun damansa kamar na wani ne aka liƙa masa. Sai ya ce, a hankali, “Ruwan da ya wuce awo shi ne yake kashe ƙarfin kankare. A shekarar farko aka koya mana. Na ci kwas ɗin ma, Auta. Na ci shi da kyau.”

Inna ta leƙo daga ɗaki. “Ruwa ne kawai? To ai babanku ma haka yake yi.”

“Na sani, Inna,” in ji shi.

Saura kwana talatin da ɗaya. In da ya sami akwatunan washegari, da komai ya yi daidai har da rarar kwana biyu. Amma akwatu sha biyu ne a sashen gaba ɗaya, ɗalibai kuwa sun haura arba'in, kowa ya rubuta sunansa a layi, kowa wuta ce a bayansa. Yaya ya ce zai haɗa nasa da katako a wuni ɗaya, aikin da yake yi ido rufe. Aka ce ba a karɓar sai na ƙarfe. Ya bi yaran da suke kiransa Baba ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Wata ta ce da so samu ne da ta bar masa, amma ita ma ranar ce ranarta. Kullum da sassafe yana bakin ƙofar ɗakin gwaji kafin Mai Inji ya iso, kullum ya dawo hannu biyu. A kwana na biyar wani ya tausaya ya ba shi layinsa. Saura ashirin da shida ke nan.

Na sake rufe shago. Wannan karon kafin ya taɓa komai sai da ya mirgina duron nan waje, ya jefa gwangwanin a kan rufi. Ya miƙo mini rular ƙarfe.

“Ki zauna nan bayana. In kika ga hannun nan ya taho, ki doke shi. Kada ki ji tausayi.”

“Dama na daɗe ina neman dalili.”

Na yi zaton wasa ne. Sau uku hannun ya taho baya yana laluben duron da ba ya nan. Na farko na doke shi har ya yi ƙara. Na biyu da na uku ban iya ba, kallo kawai na yi yatsun suna buɗewa suna rufewa a iska, sai ya tuna ya janye. Kwaɓin ya yi tauri kamar me, ya cika akwatunan kashi-kashi yana soka sandar ƙarfe yana ƙirgawa da ƙarfi, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tun da nake ban taɓa ganin siminti ya gajiyar da Yaya ba sai ranar.

Kwatamin jiƙo ya cika da na sauran ɗalibai, don haka washegari ya kwaso bulullukan a babur, sawu huɗu, ya kawo gida. Inna ta juye duronta biyu ta ba shi ba tare da ya roƙa ba. Muka koma tara ruwan girki a bokitai da tukwane. Kowace safiya kafin ya fita sai ya ɗaga murfi ya leƙa, ya ƙara ruwa in ya ragu, ya ja layi da alli a jikin bango. Kwana bakwai aka sami sha takwas. Kwana sha huɗu, ashirin da uku. Aikinsa gaskiya ne, ɓaraguzan suna yi. Amma duk yadda muka ƙirga layukan allin nan, ranar karewa a kan na ashirin da shida take faɗawa.

Dakta ya yi iya yinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya je wurin shugaban sashe, aka ce babban malamin da zai zo daga wata jami'a wuni ɗaya zai yi, ba a ɗaga ranar don mutum ɗaya. Aka ce kuma aikin kankare da babu sakamakon kwana ashirin da takwas bai kammala ba, haka yake a rubuce. Yaya ya rubuta takarda, ya hau bene ya sauko, ya zauna a bencin ƙofar ofisoshi har aka san takalminsa. Ya rame. Ya daina zuwa wurin gini. Wani abin da ya tsiro da shi ya fi tayar mini da hankali: sai ya hau babur ya zagaya gidajen da ya taɓa zuba wa dekin, ya tsaya daga tsallaken titi yana kallon sama.

Ana saura kwana uku Mai Inji ya ja mu gefe, don ranar na raka shi. Ya rage murya.

“Baba, ka saurare ni. Kwanan wata da hannu ake rubuta shi a takardar nan, inji bai san kwana ba. Ranar karewar da safe ka kawo uku mu fasa. Ka mayar da ranar zubinka baya da kwana biyu, ni kuma in sa hannu. Tsakanin ashirin da shida da ashirin da takwas ƙarfin da ke ƙaruwa bai taka kara ya karya ba, kai ma ka sani. Ba wanda ka cuta.”

Na ji kamar in durƙusa in gode masa. Yaya ya ce zai yi tunani.

A hanya na fara, a gida na ci gaba. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

“Shekara shida, Yaya! Shekara shida matarka tana haƙuri, Inna tana addu'a, leburori suna yi maka dariya. Kwana biyu ne fa! Mutumin da ke riƙe da injin da kansa ya ce ba komai. Kai ka fi shi sani ne?”

“Ban fi shi sani ba.”

“To mene ne? Taurin kai?”

Ya ɗora hannu a kan murfin duron. “Baba ma cewa yake ɗan ruwa ne, ba komai. Ni ma haka na ce shekara ashirin. Kin san dekin nawa na zuba a garin nan? Yanzu haka akwai masu barci a ƙarƙashinsu. Wancan karon hannuna ne ya ƙara ban sani ba, Auta. Wannan in na ƙara, da sanina ne.”

“Takarda ce fa, ba dekin ba! Ba wanda za ta faɗo wa!”

“Takardar da za ta ce a yarda da ni ce in na ce gini ya yi.”

Na ce masa maganganu da yawa da ba zan maimaita ba. Na ce girman kai ne ya kai shi makarantar, girman kai ne zai fito da shi. Na yi kuka, na buga ƙofa. Inna ba ta sa baki ba, sai da na gama ta ce mini, “Ki bar shi. Irin babanku ne, sai dai shi nasa taurin wani wajen ya bi.”

Ranar karewa da safe aka fasa uku. Ashirin da bakwai. Yaya ya rubuta kwana ashirin da shida da babban rubutunsa mai karkata, Mai Inji ya girgiza kai ya sa hannu. Ya shiga gaban malamai da rigar da na ɗinka masa, ni ina waje a kan benci. Ya fi kowa daɗewa a ciki. Daga baya Dakta ya ce mini baƙon malamin ya yaba aikin, ya sa Yaya ya ba da labarin gwangwanin har sau biyu, ya ce ya kamata a koyar da shi a aji. Sannan suka zo kan layin da ake cike sakamakon kwana ashirin da takwas, layin kuwa babu komai a kansa. Aka rubuta bai kammala ba.

Yau shekara biyu ke nan takardar kokensa tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ya koma wurin gini. Sau biyu ana sallamarsa, don ya zana layi a jikin bokiti ya ce ba mai wuce shi, leburori suka ce kwaɓinsa yana karya musu baya, mai aiki ya tambaye shi ina takardarsa da zai kafa doka. Har yanzu Injiniya suke ce masa, har yanzu suna kashe ido. Ni kuwa ban yafe masa ba, ban yafe wa kaina ba, kuma duk garin nan babu mutumin da nake ganin girmansa kamar shi. Duka ukun a zuciya ɗaya suke zaune, ban san yadda aka yi ba.

Ranar da ba ta fita a raina ita ce kwana biyu bayan karewar. Da safe na ji motsi a tsakar gida, na leƙo na gan shi yana ciro ukun ƙarshe daga duro, yana goge su da tsumma, yana ɗaure su a bayan babur. Na ce ina kuma za shi, an riga an gama. Ya ce yau ne ashirin da takwas.

Bai yi awa biyu ba ya dawo, da 'yar takarda a aljihun gaba. Inna tana zaune a bakin ƙofarta. Ita ba ta gane zancen layi da doka ba, abin da ta riƙe kawai shi ne kwana ashirin da takwas ne hukunci, kuma ita ma tana ƙirga layukan allin nan a ɓoye. Tana ganin sa ta miƙe, zaninta a hannu.

“Yaya aka yi? Nawa ya nuna?”

“Ashirin da takwas, Inna. Ya wuce abin da ake nema.”

Ta ɗaga hannu sama. “Alhamdu lillahi! To an ci ke nan?”

Yaya ya jingina babur ɗin a bango. Ya je ya karkata duron farko, ruwan ya malale a tsakar gida, ya ɗauraye shi, ya mirgina mata shi inda yake a da.

“Kankaren ya ci, Inna,” ya ce. “Ga duronki.”